Sanfefa a Kan Akushin Surukata

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan facalata ba, kuma ko ni na so in manta, mutanen layinmu ba za su bari ba. Har yau akwai wata tsohuwa mai sayar da koko a bakin masallaci, in na zo wucewa sai ta ɗaga tafukan hannunta biyu ta nuna mini tana ƙyaƙyata dariya. Ni kuwa in gaishe ta da ladabi in ƙara sauri.

Bari in fara da Yayana, don ban yarda a ɗora mini laifin ni kaɗai ba. Yana da shagon fenti da kayan kafintoci a unguwar Sofoline nan Kumasi, bakin titin Sunyani, kuma tun da na gama sakandare ni ke zama masa in ya fita sari. A can na koyi sanfefa. Ba irin ta takarda da kowa ya sani ba, mai soso nake nufi: ɗan guntun soso ne irin na katifa, an manne masa yashi a jiki, in ka matsa shi sai ya lanƙwasa ya bi duk inda katako ya bi. Ƙafar kujera mai murɗe-murɗe, bakin ƙofa, gefen mota da ya lotsa aka cike, duk inda ta takarda za ta yage ko ta bar zane, shi lafiya lau yake shiga. Kuma na iya shi, ba yabon kai ba. Ko ido a rufe ina bambance mai kaushi da mai laushi. Kafinta zai shigo sayen guda ɗaya tak, sai na tsare shi da lacca: ka fara da mai kaushi ka dinga saukowa zuwa mai laushi, ban da tsallake. Ka bi jijiyar katako, kada ka gitta ta. Kada ka danne, soson ne ke aiki ba ƙarfinka ba. In gari ya toshe shi ka tsoma a ruwa ka matse, zai koma sabo. (Akwai wani kafinta Asante da ke kirana Furofesa. A lokacin na ɗauka yabo ne.)

To da wannan ilimin aka kai ni gidan miji. Wasu amaren turare suke ɓoyewa a ƙasan akwati, ni ƙunshin soso na ɓoye, wai ko wata rana zan gyara wani abu a ɗaki.

Gidan su maigidana babban gida ne a cikin Zango, ba nisa da fadar Manhyia. Asalinsu mutanen Nijar ne, dillalan shanu tun kaka da kakanni. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Mma, ba ta da faɗa ko kaɗan, kuma wallahi da ma faɗan gare ta da ya fi mini sauƙi. Shiru gare ta. Za ka yi abu ta dube ka, ta dubi abin, ta ci gaba da jan carbinta, ka kwana ba ka san ko ka kyauta ko ka ɓata ba. Ni kuwa 'yar unguwar Dichemso ce, Hausata rabi Twi, ga surutu, ga shi tuwon gero na farko da na tuƙa a gidan sai da aka yi ta tsince gudaji ana ajiyewa a gefen kwano. Watanni suka yi ta wucewa ina jin kaina kamar baƙuwar da ta zo kwana biyu. Ba wani abu nake nema ba, so nake kawai in yi abu ɗaya a gidan nan da Mma za ta gani ta san ɗanta bai yi asarar sadaki ba.

Ana nan matar wan maigidana ta haihu, namiji. Ana gobe suna, bayan azahar, Mma ta aika a kira ni ɗakinta. Ta sa na hau kujera na sauko mata da wani ƙunshi daga saman wadurof, naɗe cikin tsohon zane. Ta warware da kanta a hankali. Akushi ne, babba, baƙi ƙirin.

Ta ce, "Wana, Yaya Alhaji, na hanya, tare da motar shanu zai iso daga gida. A cikin wannan zai ci tuwo gobe. Ki wanke shi da ruwan ɗumi, ki shafa masa man kaɗanya kaɗan, ki kife shi."

Na ce, "To, Mma."

Kar wani ya nema mini uzuri ya ce ban ji da kyau ba. Na ji sarai. Ruwan ɗumi, man kaɗanya, a kife. Ko yaron goye zai iya riƙe wannan saƙon. Kuma wannan ne karo na farko da Mma ta ɗauki abu nata na kanta ta sa a hannuna, ga 'ya'yanta mata cike da gida. Na fito ina jin kamar an naɗa ni sarauta.

Sai dai ni ban taɓa riƙe akushi ba a rayuwata. A gidanmu da kwanon silba da na roba muka tashi, sai asanka, kaskon ƙasa, in za a ci fufu. Da na kai shi bayan gida wajen famfo na zauna na juya shi da kyau a cikin rana, sai na ji zuciyata ta ce, haba, a cikin wannan za a ba babban baƙo abinci? Cikinsa duk ya lotsa nan da can, bayansa ga wasu zane-zane da suka kusa shafewa, baƙin nan kuma ya yi kauri kamar gindin tukunya. Ina wanke shi sai wani ɗan sartse a bakinsa ya karce mini yatsa. Wannan ɗan sartsen shi ya ja mini komai.

Na ce bari in ɗan lallashi wurin nan kawai, kada ya soki dattijo. Na shiga ɗaki na ɗauko soso mafi laushi a cikin ƙunshina, na jiƙa shi, na shafa sau kaɗan. Sartse ya tafi. Amma wurin ya yi ɗan ja. Na ƙara shafawa don ya saje da sauran, sai ya yi fari. Na bi gefensa don in ɓatar da iyakar, iyakar ta matsa gaba. Kafin in ankara, wurin da bai fi ƙwayar wake ba ya kai faɗin tafin hannu, yana ta haske a jikin baƙin akushi.

A nan ne mai hankali zai tsaya ya je ya faɗa. Ni kuwa sai na tsaya ina kallon katakon da ya fito, kai, ga kyau! Fari sol, jijiyarsa a kwance lumui. Shaiɗan ya matso kusa da kunnena ya ce, kin gani ko? Dauɗar shekara da shekaru ce ta rufe wannan kyan, duk gidan nan ba wanda ya san yadda ake fitar da ita, shi ya sa Allah ya kawo ki. Na ce wallahi gaskiyarka.

Na koma ɗaki na kwaso ƙunshin gaba ɗaya. Kuma abin da ya fi ba ni haushi har gobe shi ne, aikin ya yi kyau. Ban karya doka ko ɗaya ba. Na fara da mai lamba tamanin, na sauko ɗari da ashirin, na sauko ɗari biyu da ashirin, na ƙarasa da mai laushin nan da ake goge fentin mota. Na bi jijiya, ban danne ba, ina yi ina wanke soson. Shi kuma soson, munafuki, ya bi lungun cikin akushin nan kamar don shi aka ƙera shi. Baƙin ruwa na ta gangarawa kwata ina jin daɗi, har da 'yar waƙata. Zane-zanen bayan ma na bi su na daidaita, don a ganina tsagewar tsufa ce. Kafin a kira magariba akushi ya fito fari tas kamar sabuwar muciya, santsi kuwa ba a magana. Na naɗe shi a zanensa na ɓoye a ɗakina, wai sai gobe a gaban mutane zan ba Mma mamaki.

Washegari aka raɗa suna bayan asuba, aka raba goro, aka yanka rago. Maza suka zauna a ƙarƙashin rumfar da aka kafa a kan layi, mu mata muka cika tsakar gida, ga manyan tukwane, ga kurfotin gawayi ta ko'ina, hayaƙi har ba ka ganin na kusa da kai sosai. Ni an ba ni yankan albasa. Sai maƙwabciyarmu Anti Akosua, wadda ba a yin sabga a gidan ba da ita ba, ta ɗauko wata sabuwar kula mai ruwan zinariya ta ce da Hausarta, "Mma, baƙo na Nijar, a nan za a sa ma shi abinci ko? Kula ya yi kyau paa."

Mma ta ce, "A'a, shi da akushinsa."

"Wannan baƙin kwano? Ei, Mma, har yanzu yana nan?"

Sai Mma, wadda kan yi wuni ba ta haɗa jimla uku ba, ta ajiye ludayi ta buɗe baki. Ta ce, "Akosua, na Innarmu ne. Da shi aka kai ta ɗaki. Masassaƙi ya ƙona shi da ƙarfe mai zafi, ya yi masa zane, amma wannan baƙin mai ƙyalli ba aikinsa ba ne, hannun Inna ne. Kullum ta wanke sai ta murje shi da man shanu, har ta tsufa. Ranar da za a taho da ni Kumasi ba ta da abin ba ni sai shi. Ban sake ganinta ba, ina nan aka aiko ta rasu. Ko hotonta ba mu da shi. Shi Yaya Alhaji a cikinsa ya koyi cin tuwo, in ya zo ba ya sa hannu sai ya dafa shi ya yi mata addu'a."

Matan suka yi ta "Allah ya jiƙanta," "Allah ya sa ta huta." Ni kuwa na sunkuyar da kai na ci gaba da yanka. Allah ya taimake ni albasa nake yankawa, don hawayen da suka zubo ba wanda ya tambayi dalilinsu.

Mma ta juyo ta ce, "Amarya, kin wanke shi?"

"Na wanke, Mma."

"Kin shafa man?"

"Yanzu zan shafa."

"To maza, tuwo ya kusa kwasa."

Na shiga ɗaki na turo ƙofa na sa sakata. Na warware zanen a hankali, wallahi ina addu'ar ko Allah zai nuna ikonsa in tarar ya koma baƙi. Ina! Yana nan fari fat yana kallona. Na kwaɓa masa man kaɗanya, ya koma ruwan zuma. Na murje gawayin kaskon turare na shafa, ya yi toka-toka, ina hurawa yana tashi. Na ɗauki waya na kira Yayana a shago, ina magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya, me ke mayar da katako baƙi yanzu-yanzu?"

"Katakon me?"

"Na cin abinci."

"Babu. Duk abin da ke shagon nan guba ne, kuma sai ya kwana yake bushewa. Ke, me kika yi?"

Na kashe wayar. A waje ina jin ƙarar muciya, ina jin ana cewa a kawo marar kwasar tuwo. Na tsaya tsakiyar ɗaki ina juyawa, ina cewa na shiga uku, na shiga uku. Sai idona ya faɗa kan takalmin maigidana na zuwa ɗaurin aure, a gefensa ga ɗan gwangwanin man goge takalmi. Baƙi.

Na san abin da kuke cewa a ranku, ni ma na faɗa wa kaina a lokacin. Yanzun nan Yaya ya gama cewa guba. Amma tsoro ba ya barin mutum ya yi tunani mai tsawo. Na ce bayansa kawai zan shafa. Na shafa, ya yi kyau, sai cikin ya ƙara haske. Na ce to cikin ma kaɗan, in ya so zan lallaɓa in shimfiɗa ganye kafin a zuba tuwo. Na murje shi da tsumma har ya ɗauki ƙyalli. Wari kuwa kamar shagon mai gyaran takalmi, don haka na kifa shi a kan kaskon turaren wuta ya sha hayaƙi. Da na ɗaga shi na duba, wallahi daga nesa ba ka ce ba shi ba ne. Na wanke hannuna da sabulu, na gyara ɗaurin kallabi, na fito ina tafiya kamar mai gaskiya.

Ganyen da na ce zan shimfiɗa, ko damar nemansa ban samu ba. Ina fitowa Mma ta miƙo hannu ta karɓe akushin. Idonta ba shi da ƙarfi sosai, ga hayaƙi, ga warin daddawa da ƙaurin kan rago sun cika gidan. Amma sai na ga ta tsaya. Ta bi bakinsa da babban yatsa, a hankali, ta sake bi.

Ta ce, "Ya yi santsi."

Na ce, "Man ne, Mma." (Kuma ban yi ƙarya ba, ba ta dai tambayi wane mai ba.)

Daidai nan aka ƙwala mata kira a kan rabon naman suna. Da ma hannunta duk baƙin tukunya ne, ba ta lura da komai ba. Ta yi sauri ta kwashe tuwon gero mai zafi ta zuba, ta kwarara miyar kuka, ta ɗiga man shanu, ta rufe da faifai. Na ce a raina, shi ke nan, bari a ba wata ta kai, ni kuma in san yadda zan yi in tare ta a zaure in kifar da shi a ce tsautsayi ne. Sai Mma ta miƙo mini.

"Ke za ki kai masa. Bai taɓa ganinki ba, ki durƙusa ki gaishe shi da kyau."

Tsakanin murhu da ƙofar gida ba wani nisa ba ne, amma ranar na ji kamar da ƙafa nake zuwa Sofoline. Zafin tuwon ya fara ratsa katakon. Na ji tafin hannuna yana danƙo, yana santsi. Warin nan da na binne da turare ya fara tasowa ta ƙarƙashin faifai. A zaure na tsaya na ce yanzu zan sake shi ya faɗi, sai na tuna in ya faɗi zai iya tsagewa, in na goge shi kuma na fasa shi, ai sai dai in bar garin. Ga Anti Akosua a bayana da kwanon ruwan wanke hannu tana cewa, "Yi sauri, amarya, tuwo zai huce." Haka na fito kan layi.

Rumfa cike da maza, malamai, dillalan shanu, 'yan unguwa, ga maigidana can yana raba lemo. A tsakiya a kan darduma ga Kawu Alhaji, wan Mma, dogon dattijo cikin farar riga da farin rawani, gemunsa fari tas har ƙirji. Na durƙusa na ajiye akushin a gabansa, na yi maza na cusa hannuwana cikin mayafi.

"Kawu, sannunku da zuwa. Kun zo lafiya? Ya hanya?"

Ya yi murmushi ya ce, "Wannan ce amaryar tamu? Masha Allah. Allah ya yi miki albarka, ɗiyata, Allah ya kawo naki rabon."

Sai idonsa ya sauka kan akushin, fuskarsa ta canza, ta yi laushi. Ya sa hannu biyu ya rungumo shi ta gefe da gefe, ya rufe ido. Wurin ya yi tsit, don duk wanda ya daɗe a gidan ya san al'adarsa. Ya daɗe yana motsa baki, yana shafa bayan akushin da tafukansa, sama da ƙasa, sama da ƙasa. Ni ina durƙushe ina kallon hannun nan. Ya ɗaga hannu, aka yi fatiha, aka ce amin. Ya shafa fuskarsa tun daga goshi har ƙarshen gemu.

Ya ilahi. Layi biyu baƙaƙe suka sauko daga goshinsa, suka bi kumatu, suka haɗu a farin gemun nan. Liman da ke gefensa ya buɗe baki ya rufe. Wani dillali ya sunkuyar da kai yana ƙirga yatsun ƙafarsa. Shi kuwa Kawu bai san komai ba. Ya ɗaga faifai, tururi ya taso, ya ɗan shaƙa ya yamutsa hanci.

Ya ce, "Wace irin daddawa kuke sawa a Kumasin nan?"

Ya yi bisimilla, ya gutsuro loma daga gefe, inda tuwon ya manne da katako. Na ga ƙasan lomar baƙi wuluk yana maiƙo. Ya dangwalo miya. Ya nufi baki da ita.

Kunya daban, kashe tsohon mutane daban. Ban san lokacin da na zabura na riƙe hannunsa ba, ni amarya, a gaban liman, na ƙwala ihun da sai da aka ji a tsakar gida:

"Kar ku ci! Man takalmi ne!"

Sai na ga abin da na yi: ga shatin yatsuna biyar baƙaƙe a hannun farar rigarsa. Don kunya na saki hannun na rufe fuskata da tafukana biyu. Da na buɗe, yadda mutane suka dube ni na san na gama da kaina. Ga ni ga Kawu, muna fuskantar juna, shi da baƙin gemu, ni da tafin hannu biyu a kan hodar da na ɓata safiya ina shafawa. Wani a can baya ya kasa riƙewa ya fashe da dariya, wasu suka bi shi. Maigidana kuwa yana tsaye da kwalbar lemo a hannu kamar an dasa shi.

Kawu bai yi dariya ba. Ya ajiye lomar, ya dubi tafukansa, ya sansana. Sannan ya sa farce ya karci bayan akushin. Farin layi ya fito. Ya daɗe yana kallon layin nan, dariyar mutane ta mutu da kanta. Ya ce a kira masa ƙanwarsa.

Mma ta fito bakin zaure, mata sun yi cincirindo a bayanta. Ban jira an tambaye ni ba, a durƙushe na faɗi komai, tun daga sartse har turaren wuta, ina kuka majina na zuba. Mma ta sunkuya ta ɗauki akushin, ta juye tuwon a wani kwano ta ce a zubar inda kaji ba za su kai ba. Ta sa bakin zanenta ta goge wuri guda. Ta bi bayansa da yatsa tana laluben wani abu, ta zagaya shi kaf.

Ta ce, "Zanen ma babu."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ta rungume shi a ƙirji, baƙin yana shafar rigarta ta suna, ta shige ciki. Da ta zage ni, da ta mare ni a gaban mutanen nan, wallahi da na ji sanyi. Aka kawo wa Kawu sabulu da ruwan zafi, ya ci tuwonsa a cikin kular Anti Akosua.

Sauran bikin a ɗaki na yi shi, na kulle kaina ina tunanin wace jaka zan fara haɗawa. Bayan la'asar, da baƙi suka ragu, maigidana ya ƙwanƙwasa ya ce Mma na kira, kuma in taho da abin da na yi aikin da shi. Na tarar da ita a ɗakinta ita da Kawu, akushin a tsakaninsu a kan tabarma, idanunta sun yi ja. Na durƙusa na ajiye ƙunshin soso. Kawu, wanda gemunsa har lokacin bai gama komawa fari ba, ya ɗauki guda ya matsa, ya saki, ya sake matsawa.

Ya ce, "Wannan ɗan abin ne? Ikon Allah."

Mma ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Zai fitar da man takalmin?"

"Zai fitar, Mma. Sai dai zai ƙara cin katakon kaɗan."

"To zauna nan ki fitar. A gabana."

Na goge katako da yawa a rayuwata, ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba. Ina gogewa, ina wanke soso a bokiti, yashi na ƙara a kan katako. Duk shafa ɗaya ina jin idon Mma a kan hannuna. Na yi ta yi da ruwan zafi har warin ya fita, har farin ya dawo ko'ina. Ta karɓa ta juya shi, ta daɗe, sannan ta ce wa Kawu, "Ashe haka yake a ciki. Ko Inna ba ta taɓa ganinsa haka ba." Sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Ban taɓa ganin kukan Mma ba sai ranar, kuma ni na jawo shi.

Kafin Kawu ya koma gida ya sa aka hura kurfoti, ya ɗora wata tsohuwar wuƙa ta yi ja, ya zauna ya bi akushin da ita yana ƙonawa kamar yadda ya ga masassaƙan garinsu na yi. Da aka zo kan zane sai gardama ta tashi. Shi ya ce layuka ne a karkace suka zagaye bakin, Mma ta ce a'a, a miƙe suke, da ɗige-ɗige a tsakani. Suka yi ta ja, har kowannensu ya fara shakkar nasa. Abin da suka yi ta shafawa tun suna yara, ga shi ba wanda ya iya tuna kamanninsa daidai. A ƙarshe suka bar shi ba zane.

Ya fito baƙi-baƙi, amma busasshe, ba ƙyalli. Mma ta miƙo mini shi da 'yar kwalbar man shanu. Ta ce, "Hannun Inna ya tafi, ba ya dawowa. Ke kika cire, ke za ki sa naki. Kullum, ba fashi."

Ban koma Dichemso ba, ina nan a gidan, kuma kullum bayan na gama wanke-wanke sai na zauna na murje shi. Darasin da na koya ba shi da tsawo. In ka ga tsohon abu ya yi baƙi a gidan mutane, kafin ka tambayi kanka wace lambar sanfefa za ta fitar, tambayi mai shi ko yana so a fitar. In kuma ka riga ka tafka ɓarnar, ka je ka faɗa da fararen hannuwanka, ka bar man takalmi a kan takalmi.

Kwanan baya ina zaune ina murzawa, Mma na gefe da carbinta, na ɗaga shi a rana na ga har yanzu da sauran ja a jikinsa. Na ce, "Mma, wai sai yaushe zai yi baƙi kamar da?"

Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Ni dai ba zan gani ba. Ci gaba da shafawa."